Canjin Kuɗi Ga Sabon Shiga: Daga Teburin Wapa Zuwa Tukunyar Taliya

Mai karatu, ko ba ka taɓa riƙe dalar Amurka a hannunka ba, kana cikin kasuwar canjin kuɗi, kuma kullum tana taɓa aljihunka. Ƙullin taliyar da ake sayarwa a shagunan Achika, da burodin mai shayi a tashar Wudil, da takin da manomi ke zuba wa masararsa, duk akwai dala a cikin farashinsu. Bayan wannan kuma ga tallar da ta cika wayoyin matasa: wai ka zuba dala ɗari a manhajar foreks, kana kwance a ɗaki kuɗi suna haihuwa. A yau za mu duba yadda kasuwar take aiki, da abin da bincike ya nuna kan masu shigarta ta waya, da yadda ake gane damfara. Daga ƙarshe za mu leƙa kicin, domin a tukunya ne lissafin ke fitowa fili.

Kuɗi Ma Haja Ne

Canjin kuɗi ciniki ne kamar kowane ciniki, sai dai hajar da ake saye kuɗi ce, abin biyan ma kuɗi ne. Shi ya sa kullum farashin yake zuwa da kuɗi biyu a haɗe. Idan aka ce dala tana 1,500, ana nufin sai ka ba da naira 1,500 kafin a ba ka dala ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake bayarwa a karɓi dalar azurfa ɗaya. Wurin nan asalinsa daga tsibiran Maldibis yake zuwa, can cikin tekun Indiya. Da Turawa 'yan kasuwa suka riƙa jibgo wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a ƙarni na 19, sai ya yi yawa a Afirka ta Yamma, darajarsa ta karye. Ka riƙe wannan a ranka: duk kuɗin da ya yi yawa fiye da kayan da zai saya, ƙimarsa sauka take yi, wuri ne ko takarda.

Yanzu mu je Wapa, a Fagge, inda 'yan canjin Kano suke. Idan ka tambayi farashi, biyu za a gaya maka: wanda ɗan canji zai saya a hannunka, da wanda zai sayar maka. Mu ƙaddara yana saye a 1,500, yana sayarwa a 1,515. Idan ka sayi dala 1,000 za ka biya naira 1,515,000. Ka canza shawara nan take ka mayar masa, 1,500,000 zai ba ka. Ka yi asarar 15,000 ke nan alhali kasuwa ko motsi ba ta yi ba. Wannan tazarar ita ce abincin ɗan canji. Shi ba hasashe yake yi ba, hidima yake sayarwa ga mai tafiya Umara, da ɗan Kantin Kwari mai sauke kaya daga Sin, da uban da zai biya wa ɗansa kuɗin makaranta a Masar.

Me Ke Ɗaga Kuɗi, Me Ke Kayar Da Shi?

Amsar a taƙaice ita ce nema da samu. Dala tana shigowa Najeriya ta ƙofofi kaɗan: sayar da ɗanyen mai da iskar gas, wanda shi ne mafi yawan abin da muke fitarwa, kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida, kusan dala biliyan 20 a shekara, masu zuba jari daga waje, sai kayan gona irin su riɗi da citta da zoɓo. Ƙofofin fitarta kuwa suna da yawa: alkama, magunguna, injina, kayan gyaran mota, biyan bashi, karatu da jinya a waje. Idan masu nema suka fi abin da ya shigo, dala ta hau.

Akwai wasu abubuwa uku da ke taka rawa. Na farko hauhawar farashi: ƙasar da kayanta ke tsada da sauri, kuɗinta kan faɗi a kan na ƙasar da farashi ke zaune. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Na biyu kuɗin ruwa da babban banki ke ƙayyadewa, domin masu jari kan bi inda ake biya da tsoka. Shi ya sa Babban Bankin Najeriya ya ɗaga nasa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024. Na uku tsoro. Idan kowa ya ɗauka naira za ta faɗi gobe, kowa zai ruga sayen dala yau, rugawar kanta sai ta kayar da nairar.

Tarihin nairarmu ya nuna duk wannan. An fara amfani da ita ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya a naira biyu. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. A Satumban 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dala ta haura naira uku. A Yunin 2016 ta tashi daga wajen 197 zuwa sama da 280 a farashin gwamnati. Ranar 14 ga Yunin 2023 aka haɗe farashin gwamnati iri-iri wuri guda aka saki naira, ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan makonni, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta wuce 1,500.

Sefar maƙwabtanmu na Nijar kuwa daban take. An ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta gusawa. Don haka idan naira ta faɗi a kan yuro, ta faɗi a kan sefa. Ɗauki mai fataucin shanu da ke sarowa daga ɓangaren Nijar ya kawo karar Wudil ranar Juma'a. Mu ƙaddara bijimi yana sefa 300,000. Idan ana canjin sefa dubu a naira 1,200, ya tasar masa 360,000. Idan canji ya koma 2,500, bijimin nan dai, bai ƙara ko tsoka ɗaya ba, ya zama 750,000. Bafataken nan ɗan kasuwar canji ne ko bai taɓa jin kalmar foreks ba.

To, Mece Ce Foreks Ta Waya?

Kasuwar canji ta duniya ita ce mafi girma a doron ƙasa. Ƙididdigar da Bankin Daidaita Hada-hadar Ƙasa da Ƙasa, wanda ke Basel a Siwizalan, ya yi a Afrilun 2022 ta nuna ana juya kimanin dala tiriliyan 7.5 a kowace rana, kuma dalar Amurka tana cikin kashi 88 na cinikin. Ba ta da rumfa ɗaya. Manyan bankuna ne ke ciniki tsakaninsu ta kwamfuta, daga Tokiyo zuwa Landan zuwa Niyok, dare da rana, kwana biyar a mako. Tun bayan da Shugaba Nixon ya raba dala da zinare a Agustan 1971 manyan kuɗaɗen duniya suka koma yawo bisa nema da samu.

Abin da matashi ke buɗewa a wayarsa, a manhaja irin MetaTrader, ba wannan kasuwar ba ce kai tsaye. Yarjejeniya ce tsakaninsa da wani kamfanin dillanci: idan farashi ya tafi inda ka ce, su biya ka bambancin, idan ya saɓa, su cire daga kuɗinka. Ba yuro ko ɗaya da zai shigo hannunka. Sau da yawa ma dillalin da kansa ne ke tsaye a ɗaya gefen cinikin, wato asararka ita ce ribarsa.

Ga kalmomin da za ka ci karo da su. Ana rubuta kuɗi biyu a jere, misali yuro da dala a 1.1000, ma'ana yuro ɗaya dala 1.10 ne. Motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo, daga 1.1000 zuwa 1.1001, shi ne ma'aunin da ake ƙirga riba da asara da shi. Mu kira shi taki. Cikakken kaso na ciniki yuro 100,000 ne, kuma a kansa kowane taki dala 10 ne. Akwai tazarar saye da sayarwa, irin ta Wapa. Akwai kuɗin kwana, wanda ake cira ko a ƙara idan ciniki ya kwana a buɗe, kuma daga bambancin kuɗin ruwan ƙasashen biyu yake fitowa.

Lebarej: Inda Gizo Ke Saƙa

Manyan kuɗaɗe ba sa motsi da yawa a wuni, galibi ƙasa da kashi ɗaya cikin 100. Da dala 100 ɗinka kawai za ka yi ciniki, ribar wuni ba za ta sayi katin waya ba. Nan dillali zai ce maka: ajiye dala 100 a matsayin kafin alƙalami, ni kuma in ba ka damar juya ninkinta 500. Wannan shi ake kira lebarej.

Mu yi lissafi tare. Dala 100 sau 500, dala 50,000 ke nan. Idan farashi ya tafi inda kake so da kashi 0.2 cikin 100, ka sami dala 100, kuɗinka ya ninka. Wannan ɓangaren ake nuna maka a talla. Idan kuma ya juya da kashi 0.2 ɗin nan, dala 100 ta tafi, manhaja ta rufe cinikin da kanta, tun ma kafin a kai ƙarshen kuɗin. Kashi 0.2 na 1.1000 taki 22 ne kacal, kuma abu ne da aka saba gani yuro da dala su yi motsin da ya fi haka tsakanin azahar da la'asar. Ko da hasashenka na mako daidai ne, ɗan girgizar awa ɗaya ta isa ta fitar da kai kafin a kai can.

Wani lokaci ma ba girgiza ba ce, rushewa ce. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Siwizalan ya janye shingen da ya kafa na faran 1.20 a yuro ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Cikin mintoci faran ya yi tsalle da kusan kashi 30. Mutane da yawa sun wayi gari ba kuɗinsu kaɗai ya tafi ba, har dillali yana bin su bashi, kuma reshen kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe.

Ga wani lissafin da sabon shiga kan manta: idan ka yi asarar rabin jarinka, sai ka ci ribar kashi 100 kafin ka dawo inda ka fara. Naira 100,000 ta koma 50,000. Ribar kashi 50 a kan wannan 75,000 za ta kai ka, ba 100,000 ba.

Me Bincike Ya Ce?

A 2014 hukumar sa ido kan kasuwannin kuɗi ta Faransa ta bi diddigin asusun mutane kusan 15,000 na tsawon shekara huɗu, daga 2009 zuwa 2012. Kashi 89 cikin 100 asara suka yi, matsakaiciyar asarar kowa wajen yuro 10,900. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka fi yawan ciniki sun fi yawan asara, daɗewa a harkar bai sa sun gyaru ba. A 2018 hukumar Tarayyar Turai mai irin wannan aiki ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan asusu asara suke yi. Ta taƙaita lebarej zuwa ninki 30 a manyan kuɗaɗe, ta kuma tilasta wa kowane dillali ya rubuta kason abokan cinikinsa da ke asara a jikin tallarsa. Dillalan da ke ba matasanmu ninki 500 ko 1,000 galibi a ƙananan tsibirai suke da rajista, inda wannan doka ba ta kai ba.

Me ya sa haka? Dalili na farko, hasashen canji yana da wuya ƙwarai. A 1983 masana tattalin arziki biyu, Richard Meese da Kenneth Rogoff, sun gwada manyan dabarun hasashen canji na zamanin, suka tarar a gajeren zango babu wadda ta fi mutumin da kawai ya ce farashin gobe zai yi daidai da na yau. Har yanzu masana suna fama da wannan sakamakon. Na biyu, kowane ciniki da asarar tazara yake farawa, mai shiga sau ashirin a rana ya biya sau ashirin. Na uku, abokan karawarka bankuna ne masu kwamfutocin da ke yanke shawara cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kai kuma kana fama da sabis ɗin da ke ɗaukewa. Na huɗu yana cikin ƙwaƙwalwarmu. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girmansa ɗaya. Sakamakon haka mutum kan yi saurin rufe ciniki mai 'yar riba don kar ta gudu, ya bar mai asara a buɗe yana fatan zai dawo. Ribarsa ƙanana, asararsa manya.

Damfara Da Rigar Foreks

Duk abin da muka faɗa a sama game da dillalin gaskiya ne. Akwai kuma waɗanda ba ciniki suke yi ba sam. Su ce kawo kuɗinka, ƙwararrunmu ko na'urarmu mai basira za ta juya maka, duk wata ka karɓi kaso kaza tabbas. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, ranar da sababbi suka ragu sai a rufe shafi. 'Yan Najeriya sun gani a MMM a Disambar 2016, sun gani a MBA Forex wajen ƙarshen 2020, sun kuma gani a CBEX a Afrilun 2025, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30.

Gwada wannan alƙawarin da lissafi. Naira 100,000 da ke ninkuwa duk wata za ta zama miliyan 409.6 a shekara guda. A wata 30 ta haura tiriliyan 107, kusan ninki biyu na kasafin kuɗin tarayya na 2025, wanda ya kama tiriliyan 54.99. Wanda ke da irin wannan sirri me zai yi da dubu ɗarinka? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Alamominsu ba sa canzawa: riba tabbatacciya, lada idan ka kawo wani, hotunan motoci da otal, gaggawar a biya yau, sai ranar cire kuɗi a ce sai ka ƙara wani kuɗin tantancewa. Haka masu sayar da sigina a Telegram da WhatsApp: da yawansu la'ada suke karɓa daga dillali a kan kowane mutum da suka kai, ko ya ci ko ya faɗi. Dokar zuba jari ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris na shekarar, ta haramta irin wannan tsari ƙarara, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 10. Hukumar SEC, mai kula da hada-hadar hannayen jari, ta ce duk dandalin foreks na intanet da ke aiki a ƙasar sai ya yi rajista da ita. A ɓangaren 'yan canji ma, a Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanoni 4,173. Ka duba sunan kamfani a shafin hukumar da kanka, kar ka yarda da hoton takardar da aka turo maka.

Ina Matsayin Malamai?

Tambaya ce da kusan kowane mai karatu a yankinmu zai yi. Canjin kuɗi da wani kuɗi daban halas ne a fiƙihu, da sharaɗin a yi shi hannu da hannu a zama ɗaya. Inda magana take shi ne ciniki da lebarej. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulunci da ke Makka, a zamanta na 18 a 2006, ta yanke cewa ciniki da bashin dillali bai halasta ba, saboda kuɗin kwana riba ne, kuma dillali yana gindaya sharaɗin a yi ciniki ta hannunsa, bashin ya jawo masa amfani ke nan. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ma ta hana ɗaiɗaikun mutane irin wannan ciniki na intanet a 2012. Wasu dillalai suna tallar asusun da suka kira na Musulunci, marar kuɗin kwana, amma cire wannan kaɗai bai amsa batun bashin da na rashin karɓar kuɗin a hannu ba. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki cikakken bayanin yadda manhajar ke aiki, ba sunanta kawai ba.

Idan Duk Da Haka Kana Son Koyo

Ka fara da asusun gwaji, mai kuɗin bogi, na aƙalla wata shida, kana rubuta kowane ciniki da dalilinsa a littafi. Ka sani cewa nasara a gwaji ba ta tabbatar da komai, domin babu bugun zuciya a ciki. Kar ka taɓa sa kuɗin taki, ko na makaranta, ko adashen uwargida, ko bashi. Masu koyar da harkar da gaskiya kan ce kar asarar ciniki ɗaya ta wuce kashi ɗaya ko biyu na jari, kuma a kafa shingen asara tun kafin a shiga. Da dala 100, wannan na nufin dala ɗaya ko biyu. Idan ka ga wannan ya yi maka kaɗan, to lissafi ne ke gaya maka cewa ƙaramin jari ba ya ciyar da gida a wannan kasuwa.

Ilimin canji kuwa yana da amfani ko ba ka buɗe manhaja ba. Mai shago da ya sayar da kaya ya lissafa ribarsa da farashin da zai sake sarowa, ba wanda ya saro da shi ba. Wanda zai biya kuɗin waje nan da wata shida ya riƙa saye kaɗan-kaɗan maimakon ya jira rana ɗaya. Amma kar a ɗauka dala kullum hawa take: waɗanda suka saya a kusan 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024 sun ga ta sauko ƙasa da 1,200 a Afrilu.

Dala A Cikin Tukunya

Najeriya tana shigo da alkama sama da tan miliyan huɗu a shekara, fiye da kashi 90 na abin da muke ci. Wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja ba ta kai ko'ina ba a buƙatar masana'antu. Mu ƙaddara tan ɗaya dala 250 ne. A canjin 460, naira 115,000. A canjin 1,500, naira 375,000. Alkamar ba ta ƙara tsada a duniya ba, amma fulawa da taliya a kasuwar Singa sun ninka. Ga girki ɗaya da ke rage kason fulawa a faranti, ya cike gurbin da abin da gonakinmu ke bayarwa, kuma babu nama, babu ƙwai, babu madara a ciki. Italiyawa suna kiran irin wannan taliya mai ciki rabiyoli.

Uwargida, ki tanadi fulawa giram 300, ruwa mai ɗumi mililita 150, man gyaɗa cokali ɗaya, da gishiri kaɗan. Ki kwaɓa da tauri kamar na taliyar murji, ki murza na minti 10 har ya yi santsi, ki rufe ki bar shi minti 30. Hutun nan yana da dalili: ruwa da murzawa suna haɗa furotin biyu na alkama su zama gulutin, mai danƙo kamar roba, kuma sai ya huta yake sakin jiki ya yarda a miƙe shi ba tare da ya koma ba.

Don cikin, ki sami awara wadda ba a soya ba giram 250, ki marmasa. Ki soya albasa da tafarnuwa da attaruhu a ɗan mai, ki zuba alayyahu ko zogale da aka gyara, ki sa daddawa da gishiri, sannan awarar. Ki bar ruwan ya tsane sarai, ya huce, domin ciki mai ruwa shi ke fasa taliya a tukunya. Ki murza ƙullin da kwalba ko injin taliya ya yi falle siriri, ki yanka murabba'i kamar faɗin yatsu huɗu, ki sa ƙaramin cokali na haɗin a tsakiya, ki shafa ruwa a gefe, ki ninke, ki matse iskar ciki, ki danne bakin da cokali mai yatsu. Iskar da aka bari tana kumbura da zafi ta yage fatar. Ki jefa a tafasasshen ruwan gishiri, kaɗan-kaɗan, minti uku zuwa huɗu. Za ki ga sun taso sama. A ci da manja da yaji, ko miyar tumatir.

Haɗin yana da hikima ta ɓangaren gina jiki. Furotin alkama yana da ƙarancin wani sinadari mai suna layisin, waken suya kuwa yana da shi da yawa, sai su cike wa juna. Amma wanda ya bar duk abincin dabba gaba ɗaya ya sani cewa ba ya samun bitamin B12 daga tsirrai, sai ya nemi ƙari.

Sai dai ko awarar ba ta kuɓuta ɗungurungum ba. Ana fitar da waken suya waje, don haka idan dala ta hau masu saye a Dawanau kan ƙara masa kuɗi, ga kuma man dizal na dakonsa. Bambancin shi ne, a nan wani kaso na ƙarin yana shiga aljihun manominmu, a alkama kuwa waje yake tafiya.

Kammalawa

Canjin da ake yi don biyan buƙata, irin na bafatake da mahajjaci, sana'a ce tsohuwa mai tsari. Caca da motsin farashi da kuɗin aro kuwa, alƙaluman Faransa da na Turai sun nuna bakwai zuwa tara cikin goma asara suke yi. Wanda kuma ya yi maka alƙawarin riba tabbatacciya, ba ɗan kasuwa ba ne. Kafin ka tura ko naira ɗaya, ka nemi amsar tambaya uku: wa ke riƙe da kuɗina, wace hukuma ce ke sa masa ido, kuma motsin kashi nawa ne zai cinye jarina? Idan wanda ya gayyace ka ya kasa amsa ɗaya daga ciki, ka riƙe abinka. Ka kuma tura wannan bayani ga ƙaninka ko ɗanka da ka ga ya fara kwana yana kallon jan layi da kore a waya.